Ƙyallen Uwar Iri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga autata Hadiza. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba da duk wanda ke cikin motar, ya sa garin da za ki shiga ya karɓe ki da alheri. Zan cusa ta cikin buhun garin gero, don na san nan ne ba za ki daɗe ba ki buɗe. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi.

Kina ɗaki kina ninke kaya, ina jin motsinki, ni kuwa ina gindin dogon yaro da takarda bisa gwiwa. Da baki na so in faɗa miki. Amma na san halinmu ni da ke: ina farawa za ki ce "Inna, na sani," raina ya ɓaci, mu ɓuge da gardama, maganar ta bi iska. An kuma ce ƙauyen da aka tura ki koyarwa, can bayan Dakoro, sai an hau tudu ake samun rezon waya. To ga ta a rubuce, ranar da kika rasa wanda za ki tambaya sai ki ɗauko.

Ba zan cika ki da zancen salla da kama kai ba, wannan kin sha shi tun kina goye. Maganar gwangwanayen nan biyar ce da ke bayan randa. Kin san barkono ne a ciki, amma ban tabbata kin san nauyinsa ba. Irin innata ne, wanda ta ƙulla mini a tsumma ranar da aka kawo ni Madarumfa daga Gabi. Gajere ne, siriri, ja wur, ƙamshinsa na riga zafinsa isa. Bara na bi Gabi gida gida ina cigiya, ban samu mai shi ba, kowa ya koma irin kanti na cikin leda. Na garkata kuwa, lambun nan na bakin tabki, kin ga abin da ya same shi. Ɗan ragowar da na kakkaɓe daga gindin kwalba shi na kai wa gwaggonki Abu a Safo, ta yafa shi nesa da tabki, ƙarƙashin tsohon gidan sauro. Biyar kaɗai suka fito. Nan ba zan iya riƙe su ba, duk garkar da ke bakin tabki cike take da ƙwarin da suka kashe nawa. Shi ya sa za su bi ki. In waɗannan suka mutu, barkonon innata ya ƙare a duniya.

Barkono ba ya mutuwa sai ya nuna abin da ke damunsa. Ni ce dai na yi shekaru ina ba shi magani kafin in duba. Bari in gaya miki yadda na yi ta kashe shi da hannuna, ko ke kya tsira.

Shekarata ta farko a gidan nan na dasa shi bayan ɗaki, inda uwar mijina ta daɗe tana shuka kuɓewa da tumatir. Ya kama, ya yi kyau, sai na ga da rana ta take ganyen na langaɓewa. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Washegari ya sake langaɓewa, na ninka. Amarya ce ni, ina son a ce ba ni da ƙyuya, tabki kuma ga shi nan kusa, sai na yi ta jido da tulu har wuyana ya ƙage. Ƙasar ta zama taɓo, barkono ya yi rawaya ya zube. Da na tumɓuke ɗaya don haushi, sai na ga saiwar duk ƙulli ƙulli kamar an jera ƙananan gyaɗa, wani wurin kuma ta yi baƙi tana wari. Ashe ciwon yana ƙasa. Ƙullin nan aikin wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin ƙasar da ta gaji da kuɓewa da tumatir. Baƙin da warin kuwa aikina ne, ruwana ne ya ruɓar da abin da suka rage.

Don haka kada ki yanke wa barkono hukunci da tsakar rana. Ki duba shi da safe. In ya langaɓe da rana ya miƙe da yamma, zafi ne, ki yi masa ɗan rufi da zana. In kin same shi a langaɓe tun da safe, ki tura yatsa cikin ƙasa tukuna. Kin ji ta bushe, ki ba shi ruwa. Kin ji ta jiƙe, ki ajiye bokiti, ki tona gefe a hankali ki ga saiwa. Ki tambayi masu gidan da za ki sauka abin da aka taɓa shukawa a wurin kafin ki dasa. In an yi tumatir ko kuɓewa ko yalo, ki nemi wani gefe. Kuma kada ki jera biyar ɗin wuri ɗaya. Ki raba su, biyu nan, biyu can, ɗaya ki bar shi cikin babban bokiti mai huda a gindi.

Na tashi na je na duba su yanzu. Na ga ganye ɗaya ya yi rawaya a na ƙarshen, har na ɗaga murya zan kira ki. Na juya shi, babu komai, tsohon ganye ne na can ƙasa. To ki riƙe wannan ma: rawaya daga ƙasa tsufa ne ko yunwa, ɗan takin akuya da ya daɗe ya huce ya ishe shi. Kada ki sa ɗanyen kashin kaji, na taɓa sawa ya ƙone mini layi guda. Abin tsoro yana can sama, wurin sabon toho.

Sai shekarar da na yi yaƙi da tururuwa. Ina da cikinki a lokacin, haƙurina kuma ya ƙare. Na ga ganye na nannaɗewa yana danƙo, ga tururuwa na hawa da sauka a jikin icen ba hutu. Na ce na kama ɓarawo. Na zuba toka, na zuba ruwan zafi a raminsu, har kananzir na tsiyaya a gindin barkono, Allah ya yafe mini. Babanku ya dawo daga kamun kifi, tarunsa a kafaɗa, ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Mi tururuwa ta yi miki haka?"

Na ce, "Ita ka cinye min tonka, ba ka gani?"

Ya ce, "Ta ci ganye kin gani da idonki?"

Ban kuwa gani ba. Ya ajiye tarun, ya durƙusa, ya kama ganye ɗaya ya juya mini bayansa. Ga su nan dam, ƙananan ƙwari kore kore da baƙaƙe, sun lafe kamar ƙwarƙwata. Darɓa ce. Ita ke tsotse ganyen tana fitar da zaƙi, tururuwa kuma zaƙin take bi. Ya yi ta yi mini dariya har a wurin cin tuwo, ni kuwa na ƙi kula shi sai da aka kwana.

Tun daga ranar ban sake wuce barkono ban juya ganye ba, ke ma ina so ya zame miki jiki. Saman ganye ba ya faɗar gaskiya. In kin ga tururuwa ta yawaita, ki bi ta da ido, za ta kai ki inda darɓa take. Maganinta ba wuya. Ki jiƙa sabulu kaɗan a ruwa, ki daka 'ya'yan dogon yaro ki jiƙa su kwana, ki tace, ki haɗa, ki yayyafa da yamma, ta bayan ganye. Ki gwada a reshe ɗaya tukuna ki ga ko ya ɗauka. In darɓar ba ta da yawa, yatsunki ma sun isa, ki murje ta. Na san ki da ƙyama, amma za ki saba.

Abin da nake jin tsoro a kanki shi ne gaggawa, don a wurina kika gado ta. Wata bazara ganyen barkonona ya yi ɗigo ɗigo fari, ya dusashe kamar an watsa masa ƙura, ga ɗan zaren gizo gizo tsakanin rassa. Na juya ganyen kamar yadda na koya, ban ga darɓa ba, ban ga komai ba. Maimakon in tsaya, sai na bi motar kasuwa zuwa Ɗan Isa, na sayo fiya fiya cikin kwalbar da ba ta da ko takarda a jiki. Mai sayarwa ya ce tana kashe komai, ni kuma abin da nake son ji ke nan. Na dawo rana na tsaka, ban ko sha ruwa ba na fesa, har na ƙara awo don abin ya yi sauri. Kafin la'asar ganye ya babbake, furanni sun zube, ni kuma na kwanta da ciwon kai da amai har sai da aka kai ni likita. Abin haushin, da icen ya sake toho ciwon ya dawo, ya ma fi na da. Daga baya ne malamin gona da ke zagayo mana ya nuna mana yadda ake ganinsu: ka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin reshe, ka kaɗa. Sai ga jajayen ɗigo kamar garin barkono suna tafiya. Wasu 'yan mitsi mitsin gizo ne, zafi da ƙura suke so, maganin nan kuma ya kashe ƙwarin da ke cinye su ya bar su.

Inda za ki ya fi nan bushewa, saboda haka ki sa ran za su zo. Takarda kuwa ba za ki rasa ba, ke da za ki zama madam mai koyarwa. Ki kaɗa reshe a kai duk lokacin da ganye ya dusashe. In kin gan su, ki wanke bayan ganye da ruwa safe da yamma, ki bi da ruwan dogon yaro, ki tare iskar da ke kawo ƙura. Duk kwalbar da ba ki san abin da ke ciki ba, kada ta shiga gidanki, ko wa ya yaba miki ita. Kuma in barkono ya fara 'ya'ya kika ga wasu na ruɓewa suna faɗowa, ki tsaga ɗaya. In da tsutsa a ciki, ki tsince duk wanda ya faɗi ki binne da zurfi can nesa. Ni da can a gindin icen nake barinsu wai su zama taki, ashe renon tsutsa nake yi.

Kin fito kin tambaye ni abin da nake rubutawa, na ce lissafin kayanki ne. Ba shi ba ne. Na kai inda nake ta kewayewa tun ɗazu.

Kin san al'adar gidanmu. In barkono ya yi 'ya'ya, akan zaɓi icen da ya fi lafiya a ɗaura masa ƙyalle, shi ne uwar iri. Ba mai tsinkar ko ɗaya a jikinsa, ko miya za ta kwana lami, sai 'ya'yan sun nuna sun bushe a ɗebi iri. Innata haka ta yi, ni ma haka. A shekarar babanku ta ƙarshe, ƙafafunsa sun riga sun kumbura, ya ce a kai shi garka ya sha iska. Na ce ya zaɓa mini uwar iri. Ya bi layi yana dogara sanda, yana juya ganye ɗaya ɗaya don ya tsokane ni, har ya tsaya kan wani na kusa da rijiya. Ya yagi bakin tsohon rawaninsa ya ɗaura. Bai ga nunar 'ya'yan ba.

Na ɗebi iri a jikinsa, amma ban cire icen ba kamar yadda aka saba. Na datse shi, na yi ta ba shi ruwa duk rani, ya sake tohowa. Na shuka sabon barkono kewaye da shi, kusan duk irin da na ɗeba. Kina makarantar horon malamai a Maraɗi lokacin, ba ki ga farkon abin ba. Sabon tohon icen nan ya fara fitowa ƙanana, ganyen na kifewa sama kamar cokali, bakinsa rawaya. In na taɓa reshe sai wasu fararen ƙudaje 'yan ƙanana su tashi kamar an hura toka. Na san ko mene ne. Wallahi na sani, don na taɓa ganinta a garkar mutane. Kuturta muke ce mata. Amma na ce wa kaina darɓa ce, na wanke da sabulu. Na ce yunwa ce, na sa taki. Na ce tsufa ne.

Gwaggonki Abu ta zo daga Safo ranar kasuwa, ta biyo ni garka. Kallo ɗaya ta yi masa.

Ta ce, "Zulai, wanga icce ya kamu. Hidda shi yanzu, tun bai kai ma sauran ba."

Na ce, "Yaya, Malam ya ɗaure shi da hannunshi."

Ta ce, "Na sani. Ƙanena ne tun kahin ya zama mijinki. Ƙyalle ya ɗaura, bai ɗaura ranshi ba. In ba ki iyawa, kauce ni in hidda."

Na tsaya tsakaninta da icen. Na gaya mata maganar da ba ta dace ba, na ce ba a garkarta take ba. Ta ɗauki kwandonta ta tafi ko sallama babu. Fararen ƙudajen nan kuwa suka yi ta sha a jikin mai ciwo suna sauka kan masu lafiya. Layin kusa da rijiya ya fara, sai na bayansa. Ice ya tsaya bai ƙara tsawo ba, fure na fitowa yana zubewa, ɗan da ya ƙulla ya ƙanƙance babu ƙwaya a ciki. Kafin a shiga girbin gero babu ice ɗaya mai lafiya a garkar. Ni kaɗai na tumɓuke su, na tara, na sa wuta. Na babanku shi ne na ƙarshe. Na kwance ƙyallen tukuna, sannan na ja, kuma bai yi mini gardama ba, da hannu ɗaya ya fito. Da na je Safo da 'yar kwalbar nan kaina a ƙasa, gwaggonki ba ta tayar da tsohon zance ba. Ta karɓa ta ce in kawo tsohon gidan sauro.

To ki saurare ni da kyau, Auta, don wannan ce kaɗai ba ta da magani. Darɓa ma tana nannaɗe ganye, amma za ki gan ta, za ki ji danƙo, kuma in kin wanke ta sabon toho zai fito a miƙe. Kuturta kuwa kin wanke kin sake wankewa, sabon ganyen da zai fito shi ma a karkace zai fito, ƙarami, a kife, icen kuma ya tsugune wuri ɗaya. In kin ga haka kada ki jira ki ji ta bakina. Ki rufa masa buhu don ƙudajen kada su watse, ki tumɓuke, ki kai nesa ki ƙone. Sauran ki rufe su da gidan sauro, na sa miki wanda gwaggonki ta rufe su da shi cikin kaya, ki bar su a ciki har su fara fure. Kada ki ce ai biyar ne kawai, Inna za ta ji ciwo. Huɗu masu lafiya sun ishe mu. Ɗaya ma ya isa.

Kuma kada ki ɗauka habaici nake yi miki a kan yaran lakwal da za ki koyar. Yaro ba a tumɓuke shi. In kin ga ya langaɓe a aji, ki duba abin da ke damunsa kafin ki ɗauki bulala, iyakar abin da za ki ɗauka daga barkono ke nan.

Za ki ga ɗan farin ƙyalle a naɗe cikin takardar nan. Shi ne. Na wanke shi, na shanya, ya daɗe a ƙasan akwatina. Kada ki ɗaura shi yanzu, kada kuma ki ɗaura wa wanda kika fi so ko wanda ya fi ba ki tausayi. Ki bari sai sun yi 'ya'ya, ki bi su ɗaya ɗaya kina juya ganye, wanda ya fi lafiya shi ne uwar iri. In kuma bayan kin ɗaura shi ne ya kamu, ki kwance ƙyallen ki mayar wa na kusa da shi, ki cire mai ciwon a ranar, kafin ki ci abinci. Babanki da yana nan da shi zai fara cirewa, ni ce ban gane haka ba.

In Allah ya ƙaddara duk biyar suka tafi, kada ki ɓoye mini. Kada ki sayi barkonon kasuwa ki ƙullo mini a tsumma, tun daga bakin ƙofa hancina zai gaya mini. Ki hau tudun nan ki kira ni ki faɗa mini kai tsaye. Zan yi kuka, ki bar ni in yi. Ƙyallen dai ki riƙe, naki ne ko da barkono ko babu.

Allah ya kiyaye ki, ya kiyaye lafiyarki da mutuncinki, ya haɗa ki da maƙwabta na gari da ruwa mai daɗi. Allah ya ji ƙan babanki da innata. Allah ya raya abin da ke cikin gwangwanayen nan, ya dawo mini da ke lafiya. Ki riƙe su a cinya cikin mota, kada ki yarda a ɗora su sama da kaya.

Ga shi kina kirana in zo in kama miki bakin buhu. Ina zuwa, bari in sake leƙa bayan randa tukuna.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Zulai